Shekarar da Shanu Suka Shiga Tafkin Ɗorawa

'Ya'yana, abin da zan faɗa muku a nan na daɗe ina kewaye shi. Na ba ku labarin gidanmu na Haɗeja, na ba ku na aurena da tahowata ƙauye, har labarin akuyar da ta cinye mini zanen lefe na ba ku, duk don in ja lokaci. To yau kewaye-kewaye ya ƙare. Abin da ya tunzuro ni shi ne wata magana da na ji ranar sunan nan da aka yi a gidan Baffanku Sule, Allah ya jiƙansa. Ina kishingiɗe a bayan ƙofa, ana zaton barci nake. Kun dai san kunnena. Ido ya fara tafiya, gwiwa ta tafi, shi kam yana nan daram. Jikokinsa ne suka ji a rediyo ana ta batun neman man fetur a Arewa, sai ɗaya ya ce ai mu ma da tuni mun wuce nan, da babanku bai ɓoye wa Turawa man da ke Tafkin Ɗorawa ba. Wani ya karɓe ya ce wace ɓoyewa, ai taɓuwa ce kawai, mutumin da ya kora shanu cikin ruwan da shi da hannunsa ya ɗaure. Suka kwashe da dariya. Na dai gyara lulluɓina. Amma tun daga ranar tuwo bai ƙara yi mini daɗi ba.

Bari in fara da tafkin, don ku da kuka tashi a birni kun san shi ne kawai a matsayin wurin da ake kawo muku banda. In kogi ya kawo da damina, fadamarmu duka ruwa ɗaya take zama, daga ƙofar gida har wajen Baturiya ba ka ganin komai sai kwalekwale da kan ciyawa. In ruwa ya ja baya sai ya bar tafkuna cike da kifi, kuma a duk yankinmu babu kamar Tafkin Ɗorawa. Gonar shinkafarmu ce ta zagaye shi, in an girbe kuma a shuka wake da alkama a laimar bakinsa. Ɗaurin ruwan tafkin a gidanku yake tun kakan kakanku. Yadda ake yi, da zarar ruwa ya tsaya, babanku zai je ya kafa sanda a bakin tafki, ya ɗaura mata kaba. Daga ranar ba homa, ba ƙugiya, ba ƙafar dabba a cikin ruwan nan. Mu mata an yarda mu ɗiba da ƙwarya a gefe, shi ke nan. Sai bazara ta yi nisa, kifi ya yi ƙiba, sannan ya je ya zare sandar, gari duka a faɗa su, wato kamun kifin gayya. Kifin ranar nan shi ne miyar kowane gida har wata daminar, shi ne kayan auren 'yan mata, shi ne rigar sallar yara. Mutumin da ke riƙe da wannan sanda ba ya buƙatar rawani. Babanku ba mai magana ba ne, amma in ya wuce majalisa, har dattawa gyara zama suke.

Shekarar da nake faɗa, babban yayanku yana tatata, ke Asabe kina goye. Turawa ne ke da ƙasa a lokacin, kuma zamani ne da mai ya shiga ran mutane. Ni da ina yarinya da man gyaɗa muke kunna fitila, a murɗa auduga a jiƙa. Sai ga kananzir ya fara zuwa a garwa, jirgin Nguru yana saukewa a tasha, 'yan tireda suna aunawa a kwalba. Kafin a ce me, kowane ɗaki da aci-bal-bal, amarya kuwa in ba fitilar ƙwai a kayanta sai an yi da ita. Ga motocin gyaɗa suna ta ƙaruwa, ga injin niƙa an kafa a Haɗeja yana tuk-tuk tun safe, mata sun fara raina dutsen niƙa. Kakarku Iya Fanna, uwar babanku, ta rantse ba za a shigar mata da wannan abu mai wari ɗaki ba. Ba a yi wata biyu ba na tarar da kwalbarta a ƙarƙashin gado, wai don kunama ta ajiye. Kowa na son mai, amma ban taɓa jin wanda ya tambayi daga ina yake fitowa ba. Ni a zatona tatsarsa ake yi daga wani ice a ƙasar Turawa.

Bayan girbin shinkafa sai ga Turawa biyu da ƙaramar mota da babba, suka kafa tanti a gindin tsamiyar da ke hanyar Haɗeja. Bulama, mai garinmu, ya aiko a gaya wa kowa kada a taɓa musu kaya. Kullum suna yawo cikin fadama, su kafa turke mai jan kai, su huda ƙasa da wani dogon ƙarfe, su ɗebo ta su shinshina, su zuba a 'yan jakunkuna. Mu dai muna cewa rijiya za su yi mana. Ma'aikatansu kuwa, tafinta da direba, sun gaji da abincin gwangwani, suka ji labarin miyar kifina, sai suka mai da zaurenmu wurin cin abincin rana. Baffanku Sule ne ya jawo su. Shi a lokacin matashi ne mai rawar kai, ya taɓa shiga jirgi sau ɗaya zuwa Nguru, ya dawo da agogon da ba ya tafiya, tun daga nan ƙauye ya yi masa kaɗan.

Tsakanin madafina da zaure zana ce kawai. Ba laɓe nake ba, Allah shi ne shaida, amma kuma ban toshe kunnena ba. Ranar wata Talata, babanku yana gona, na ji Sule yana tambayar tafinta abin da iyayen gidansa ke nema.

"Mai suke nema," in ji tafinta, bakinsa cike da tuwo. "Wannan da kuke kunnawa a fitila, da wanda mota ke sha. A ƙarƙashin ƙasa yake kwance kamar ruwan rijiya. Duniya duka ƙishinsa take yi, samari. Yau mota goma, gobe ɗari, me za su sha?"

"To in an samu fa?"

"In an samu an samu. Wurin ya zama na gwamna. A ja waya a zagaye, a sa ɗan sanda. Masu gona a nuna musu wani wuri can a tudu."

Direba ya ce shi ya yi aiki a Kudu, ya ji ana cewa inda abin ya fito ko kwaɗo ba ya zama a ruwan wurin. Ban san ko gaskiya ya faɗa ba, ko santin miya ne. Ni dai muciya ta tsaya a hannuna. Sai na ji Sule ya yi ƙasa da murya, irin yadda yake yi in zai roƙi abu.

"Wanda ya nuna wurin fa, ranka ya daɗe?"

"A'a, wannan ai ya haye. Ko ba komai ya samu kaki da hula."

"To mu namu ba sai an haƙa ba. A kan ruwa yake yawo."

Na san abin da yake nufi, duk macen da ke ɗiban ruwa ta sani. A gefen tafkin ta gabas, inda ruwa ke tsattsafowa daga gindin ɗorawar, akwai wani maiƙo da ke kwanciya a kan ruwa, yana ƙyalli kala-kala kamar wuyan tattabara. Tun zuwana garin nake ganinsa. Mukan ture shi da gindin ƙwarya mu ɗebi na ƙasa. Ba wanda ya taɓa ba shi suna. Tafinta ya ajiye loma, ya ce yau Bature ya tafi wajen Birniwa, amma jibi Alhamis da hantsi zai kawo shi ya gani da idonsa.

Da babanku ya dawo da la'asar ban bari ya sha ruwa ba na zazzage masa. Ya aika aka kira Sule. A tsakar gida aka yi ta, Iya tana kan tabarmarta tana kaɗi, ni ina bakin murhu kamar ba na ji.

"Yaya, ai alheri na jawo mana," in ji Sule. "Har yaushe mutum zai ƙare a warin kifi? Ka ga yadda direban nan ke shan taba?"

"Kai da wa ka yi shawara?"

"Ai abin ba ya son jinkiri ne."

Iya ta ajiye mazari.

"Sule, zo nan in ga agogonka. Ƙarfe nawa?"

Ya ɓoye hannun a bayansa.

"To ka ji. Abin da ke hannunka ma ba ka san ciwonsa ba, ka tashi sayar da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ubanku a bakin tafkin nan ya koya muku iyo. In suka ja waya, a tudu me za ku shuka, kaki?"

Sule ya fita yana ƙunƙuni. Babanku ya zauna a kan turmi ya haɗa tagumi. Ya ce zai je wurin Bulama. Iya ta ce Bulama da ya aiko a kiyaye wa Turawa turakunsu, shi ne zai hana su? Ya ce to a roƙi tafinta. Iya ta ce wanda ya riga ya hango tukuicinsa? Aka kira magariba kowa ya tashi.

Ga wurin da nake so ku buɗe kunne. Washegari Laraba da safe na kai wa babanku koko a ɗakinsa. Na durƙusa na ajiye, ban tashi ba. Ni 'yar birni ce, ubana ɗinki yake yi a Haɗeja, ban san halin kifi ba sai a tukunya. Abin da na sani shi ne, in maiƙo ya taru a kan miya, motsawa ake yi ya ɓace.

"Malam, in Bature ya zo bai ga komai ba fa?"

"Yaya za a yi bai gani ba? Abu a fili."

"A dama ruwan. Shanun amininka Ja'e suna nan a bayan gari. In suka ratsa ta gabas sau biyu, laka za ta tashi ta cinye shi. Bature ya zo ya ga taɓo, ya ce Sule maƙaryaci ne, ya kama gabansa."

Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Ruwan a ɗaure yake. Ni na ɗaure shi."

"Na sani. Amma in suka ja waya, wane ruwa za ka ɗaure baɗi? Ai gefe ɗaya ne kawai. Kifi ya matsa yamma, gobe ya dawo."

Ku ji fa, ni ce na ce kifi ya matsa yamma, kamar wasu baƙi da za a ce su koma ɗaya ɗakin. Shi ya san ba haka abin yake ba. Na ga ya sani a idonsa. Amma ke Asabe kika yi kuka a bayana, ya dube ki, ya dubi kokon, bai sha ba. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Kafin azahar ya dawo tare da Ja'e, Bafulatanin da ke sauka a bayan garinmu kowane rani, amininsa tun suna yara. Iya Babarbariya ce, kun san wasan da ke tsakaninsu, ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Tana jin sallamarsa ta ɗaga murya.

"Kai ɗan daji, yau gonar wa ka ciyar?"

"Babarbariya, in ba nonona da me za ki dama furarki, da barkono?"

Amma da suka shiga zaure babanku ya faɗa masa abin da yake so, sai wasa ya ƙare. Ina jin su ta zana.

"Shekara nawa ina kora shanuna nesa da sandarka, har na doki ɗana a kanta. Yau kai ne za ka ce in saka su?"

"Ni ne."

"Wa ya ba ka wannan shawara?"

Na ƙara matsawa jikin zana. Na ji babanku ya gyara murya.

"Ni na ba kaina. In an tambaya, ka ce ni na sa ka."

Da la'asar sakaliya aka yi. Ban je ba, amma daga tsakar gida na ji kukan shanu da fantsamar ruwa. Shanu sun fi ɗari, sun kwana biyu suna shan ruwan rijiya da guga. Da suka ji ruwa a ƙafarsu, wa zai ce musu gabas kawai? Suka bazu cikin tafkin duka, Ja'e da 'yan'uwansa suna ta ihu da sanduna, a banza. Tafkin a lokacin bai fi ƙugu ba, ƙasansa kuma baƙar laka ce mai wari da ta shekara tana kwance. Ta tashi gaba ɗaya. Kafin rana ta faɗi kifi ya taso sama yana buɗe baki, karfasa da farko, sannan kawara, sannan ragon ruwa manya-manya suna juya farin ciki sama. Tarwaɗa ce kawai da gaiwa suka sha. Shirwa ta cika sama. Na ji gari ya ɗauki salati, mutane suna gudu ta ƙofar gidanmu. Wata maƙwabciyarmu, Ya Kolo, da ke shirin aurar da 'yarta bayan an yi su na shekarar, ta tsaya a bakin zaure tana kuka tana kiran sunan babanku, tana tambayar me suka yi masa. Yana can tsaye a bakin ruwa kusa da sandarsa, aka ce ko motsi bai yi ba.

Alhamis da sassafe mata duka muka fita da kwanduna, mu tsinci abin da za a iya bandawa kafin ya ruɓe. Ba wadda ta gaishe ni, ban kuma ga laifinsu ba. Ni da Iya muka nufi gabas. Da muka isa gindin ɗorawar sai na tsaya cak. Shanu sun bar sawu dubu a cikin laka, kowane sawu ya tara ɗan ruwa, kuma kowane ɗaya maiƙon nan ya kwanta a kansa yana ƙyalli. Da a wuri ɗaya yake kamar faɗin tabarma. Yanzu gefen tafkin duka ya zama wuyan tattabara, rana tana fitowa yana ƙara haske. Iya ta dafa kafaɗata.

"'Yar nan, an kashe kifi, an kuma yi wa Bature shimfiɗa."

Muna nan sai ga ƙaramar motar. Bature ɗaya ne ya zo, wani jan mutum mai gajeren wando, wuyansa duk ya saɓule da rana. Tafinta na gaba, Sule na biye ya sha wanka, Bulama da babanku da sauran maza suna baya. Mu mata muka ja gefe bayan kaba, amma ni na zaɓi inda iska ke kawo magana. Bature ya toshe hanci saboda warin kifi. Sule ya nuna masa sawun shanun da hannu biyu kamar mai nuna amarya. Ya tsuguna. Bai fito da wani ƙarfe ba, bai buɗe jaka ba. Ya waiwaya ya karyi tsinken ciyawa, ya tsokani maiƙon da ke cikin sawu ɗaya. Ya matsa ya tsokani wani. Ya shafa da yatsa ya shinshina. Sai ya miƙe yana dariya, ya yi magana, ya jefar da tsinken.

"Me ya ce?" in ji Bulama.

Tafinta ya ɓata fuska, ya harari Sule.

"Ya ce ba mai ba ne. Tsatsar ƙasa ce, irin ta ƙarfe, ruwa ke fitowa da ita. Ya ce mai in ka tsokane shi komawa yake ya haɗe. Wannan kuwa fashewa yake kamar sakaina, ba ya ƙara haɗuwa. Ya ce duk fadamar nan cike take da shi, ko a bayan tantinsu akwai."

"To wurin fa?" Muryar babanku ce, a dushe.

"Wane wuri? Ku riƙe abinku. Ya ce ku kwashe kifin nan kafin ya sa ku ciwo."

Wallahi 'ya'yana, ban san sanda na zauna daɓas a cikin laka ba. Wani sanyi ya sauko mini tun daga ka har tafin ƙafa, kamar an sauke mini tulu bayan tafiya mai nisa. Tafki namu ne. Gona tamu ce. Ba waya, ba ɗan sanda, ba tudu. Ina dariya hawaye na zuba, ga mataccen kifi a kwandona. Can kuma sai wani abu ya soke ni. Sau nawa na ture maiƙon nan da gindin ƙwarya na ga ya farfashe gutsi-gutsi? Hannuna ya san haka shekara da shekaru. Da na koma gida na cika ƙwarya da ruwa, na ɗiga man gyaɗa, na tsokana da tsinken tsintsiya. Ya buɗe, ya koma ya haɗe. Na ɗiga kananzirin Iya, shi ma haka. Ni da nake wuni da mai a hannu, da na tsaya na yi tunani kamar na mai dafa miya, da tsinke ɗaya ya ishe mu. Tsoro ne ya hana ni. Turawan ba su ƙara mako biyu ba suka tsige turakunsu suka yi gabas, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Saura hisabi. Bayan sallar Juma'a aka tara dattawa a ƙofar Bulama. Wannan ban ji da kunnena ba, Ja'e ne ya zo ya ba Iya labari ina gefe. Aka tambayi babanku dalili, ya faɗi tsoron da ya ji. Wasu suka tausaya, wasu suka ce ko da mai ne, ai ruwan na gari ne, sai ya tara mutane a yi shawara. Gaskiyarsu ce. Bulama ya ce shi ya san shi tun yana yaro, wannan ba tunaninsa ba ne, ya faɗi wanda ya zuga shi. Suna so ya ce Sule, ko ya ce Ja'e. Ya ce ba kowa. Aka maimaita sau uku, ya ce ba kowa. Sai aka ce gona tasa ce ba mai taɓa ta, rabonsa na su yana nan kamar na kowa, amma sandar ɗauri ta bar gidanmu. Da hannunsa ya je ya zare ta ya kai wa wanda aka zaɓa. Ba ta dawo ba har yau.

Shekarar nan gari ya sha miyar kuka tsura. Auren 'yar Ya Kolo sai da aka ɗaga shi zuwa wata kakar, ni na ba da fitilar ƙwaina a kayanta, ta karɓa ba ta dube ni ba. Yara suka sa wa babanku suna Sarkin Shanu, in ya wuce su yi kukan saniya a bayansa. Majalisar da ake gyara masa zama ya daina zuwa. Sule ya bi motar gyaɗa ya tafi, sai bayan shekara huɗu ya dawo, ba kaki ba hula, babanku ya yanka masa gona a gefen tamu, bai taɓa tayar masa da maganar ba. Amma damina ta zo, kogi ya kawo, tafki ya cika, kifi ya dawo kamar ba a yi komai ba. Muka shuka shinkafarmu muka girbe. Daga gonar nan aka ciyar da ku, daga tafkin nan aka yi muku kayan makaranta, ku duka bakwai.

Iya ta sani. Wata rana ina tsefe mata kai, ba tare da ta juyo ba ta ce:

"Ɗana tun da na haife shi bai taɓa tunanin saniya ba. Wannan dabarar mai dama miya ce."

Na ce, "Iya, ki yafe mini."

"Ni me kika yi mini? Da ni ma na tuna da shanun, da ni zan faɗa. Ci gaba da tsifarki, kina ja mini gashi."

Shi kuwa sau ɗaya na taɓa yi masa maganar, bayan shekaru, ranar da na ji wani yaro ya yi masa kukan saniya, ga furfura a gemunsa. Na ce zan je gidan Bulama in faɗi gaskiya. Yana gyaran homa, bai ɗago ba.

"Wa ya je rugar Ja'e, ni ko ke?"

"Kai ne, amma..."

"To. Ke kin faɗi abin da ya zo bakinki don 'ya'yanki. Ni na san halin ruwa, na kuma je. Bar shi a inda yake. Akwai sauran tuwon jiya?"

Na bar shi a inda yake, har ya koma ga Mahaliccinsa. Ya hana ni faɗa wa Bulama, amma bai hana ni faɗa muku ba, ko da yake na san da yana nan da ya ce surutuna ya yi yawa. To ga shi na faɗa, kuma tun da na fara rubuta wannan shafi nake jin ƙirjina sakayau. Babanku bai ɓoye wa kowa arziki ba, bai kuma taɓu ba. Ya ji tsoron a raba ku da ƙasarku, ya ɗauki shawarar matarsa, da ta ɓaci ya ɗauke ta shi kaɗai. In za a yi dariyar shanu, ni za a yi wa, ina nan da raina, kuma na iya ramawa.

Su kuma jikokin Sule, kada ku yi faɗa da su. Maiƙon yana nan a gindin ɗorawar, bara ma da aka kai ni na gan shi yana ta ƙyallinsa. Duk wanda ya sake cewa akwai mai a tafkinmu, ku kama hannunsa ku kai shi gabas, ku karya masa tsinke.